Yadda Ake Gane Ko Littafin Marubucin Holan Ya Fita Daga Kariyar Haƙƙin Mallaka

Duk wanda ke son fassara littafin wani marubucin ƙasar Holan, ko sake buga shi, ko ɗora shi a intanet, wajibi ne ya fara tabbatar da cewa wa'adin haƙƙin mallakarsa ya cika, kuma wannan lissafi ba ya fita daidai sai an san irin sauye-sauyen da dokar ƙasar ta sha.

Abu na farko shi ne a nemo shekarar da marubucin ya rasu. Dokar da ke aiki a yau, wadda ake kira Auteurswet, an kafa ta ne a 1912, shekarar da Holan ta shiga Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, kuma da farko kariyar da ta bayar ita ce tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 50. A ƙarshen 1995 aka mayar da wa'adin shekara 70 bisa umarnin Tarayyar Turai. Ana fara ƙirga shekarun daga 1 ga Janairun da ya biyo bayan rasuwar, saboda haka littattafan da masanin tarihi Johan Huizinga ya wallafa yana raye, shi da ya rasu a 1945, sun zama na kowa ranar 1 ga Janairu 2016.

Littattafan da marubutan da suka rasu a ƙarni na 19 suka wallafa suna raye ba sa buƙatar dogon bincike, domin wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa, ko an auna da dokar 1817 mai ba da shekara 20 bayan rasuwa, ko da ta 1881 mai ƙirga shekara 50 daga ranar wallafa. A wancan zamani mai riƙe da takardar mallakar littafi shi ke da wuƙa da nama, abin da marubuci Multatuli ya ɗanɗana kuɗarsa lokacin da ya sa hannu ya miƙa wa wani marubucin, Jacob van Lennep, haƙƙin littafinsa Max Havelaar, ya kai ƙara kotu kuma bai yi nasara ba.

Daga nan sai a duba wanda doka ta ɗauka a matsayin mai aikin, domin ba kullum ne yake zama wanda ya riƙe alƙalami ba. Sashe na 7 na Auteurswet ya ce abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Idan kamfani ko hukuma ce ke matsayin marubuci, ko kuma ba a san marubucin ba, ana ƙirga shekara 70 daga fitowar aikin ta farko. Dokokin ƙasa da hukunce-hukuncen kotu kuwa, sashe na 11 ya keɓe su, ba su da kariya sam.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rubutun da aka wallafa bayan rasuwar mai shi. Tsohuwar ƙa'ida ta ba irin wannan rubutu shekara 50 daga ranar wallafa, kuma gyaran 1995 bai rage wa'adin da ya riga ya fara tafiya ba. Anne Frank, yarinyar da ta rubuta kundin rayuwarta ta yau da kullum a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta rasu a 1945, wanda ya sa mutane da dama suka zaci duk abin da ta rubuta ya kuɓuta a 2016, alhali sassan kundinta da ba su fito ba sai a bugun 1986 suna da kariya a Holan har zuwa farkon 2037. A ganina, wanda bai binciki shekarar fitowar kowane sashe ba bai gama aikinsa ba, kuma kundin bayanan babban ɗakin karatu na ƙasa da ke birnin Hague yana taimakawa sosai wajen wannan.

Kada kuma a manta cewa fassara tana da haƙƙinta na daban. Wanda zai mayar da littafin Huizinga zuwa Hausa daga fassarar Turanci sai ya lissafa wa'adin mafassarin ma, kuma idan a Kano ko Zariya za a buga, dokar Najeriya ce ke aiki, ita ma shekara 70 bayan rasuwa take bayarwa ga littattafai. Idan lissafin ya nuna wa'adin bai cika ba, sai a rubuta wa kamfanin da ya buga littafin ko magadan marubucin, a nemi izini a rubuce kafin a fara aiki.