Yadda ake shirya zaman karatun ƙananan yara da iyayensu a ɗakin karatu na unguwa

Kafin ki sayi littafi ko guda, ki san wadda za ta riƙo hannun yaron ta kawo shi. A unguwarmu ta Hausawa a garin Gadarif na ƙasar Sudan sau da yawa ba uwar ba ce, domin tana kasuwa ko gona. Kaka ce, wadda yaran nan ke kira habboba, ko yayarsa 'yar shekara 12 da ta goyo shi. Su za ki shirya wa zaman. Yaro yana wurinki minti 40 a mako, sauran makon yana hannunsu, abin da suka ɗauka suka tafi da shi gida shi ne karatun.

Ɗakin karatun da nake kula da shi ɗaki ɗaya ne a jikin masallaci, da rakuba, wato rumfa, a gabansa. Idan naku ma haka yake, ki fara da liman da dattawan unguwa. Ki je da kanki, ki gaishe su, ki ce, "Allah gafarta Malam, rakubar nan muke roƙo bayan la'asar ranar Asabar, mata da yara ne." Ki bayyana musu cewa ba kishiyar makarantar allo kike ginawa ba, don wannan ne tsoron da ba za su faɗa miki ba. In liman ya sanar bayan sallah, maza sun ji, matansu za su samu izinin fita.

Lokaci kuwa, ki bi na matan. Da safe akwai neman ruwa, wanda kowa ya san wahalarsa a garin nan, sannan ga fatur, wato karin kumallo, wajen ƙarfe 10 ko 11. Tsakar rana a Afrilu da Mayu zafi na haura 40. Bayan la'asar ya fi. Daga Yuli zuwa Satumba baƙar ƙasarmu takan zama taɓo, babu mai goyo da za ta ratso ta, sai Oktoba kuma a shiga yankan riɗi, unguwa ta watse zuwa gonaki. Saboda haka ki tsara zango na mako 8 daga Disamba, ki huta, ki sake wani. In azumi ya faɗo a ciki, ki dakata sai bayan salla.

Ki raba yaran biyu: 'yan goye zuwa shekara 2, da 'yan 3 zuwa 5. Kada su wuce 12 a zama ɗaya. Tabarma a ƙasa, tulun ruwa a gefe, kujera ba ta da aiki.

Inda aka fi samun gardama shi ne harshe. Iyaye da yawa za su ce miki, "Malama, ki yi musu da Larabci, shi za su tarar a makaranta." Gaskiyarsu, da shi ake koyarwa tun daga aji ɗaya, yaro yana shekara 6. Amma yaron da ya saba bin labari daga farko har ƙarshe, ya san tambaya, ya san ba da amsa, da wannan sanin zai shiga Larabcin. Kuma habboba ba za ta yi wa jikanta hira mai daɗi da harshen da take ciniki da shi kawai ba. Ni abin da nake yi, labarin da Hausa, sannan mu koma kan hotunan mu kira sunayen abubuwa da harsunan biyu. Rubutun da ke jikin littattafan da muke haɗawa da hannu da haruffan Larabci nake yin sa, daga dama zuwa hagu, domin su yaro zai gani a allo da rauda, wato makarantar ƙananan yara, da alamun kantuna. Ajami ya ishe mu a nan. Boko ya jira tukuna, kada a haɗa wa ɗan shekara 4 hanya biyu masu saɓani.

Ga yadda zaman 'yan 3 zuwa 5 yake tafiya. Muna buɗewa da waƙar gaisuwa iri ɗaya kullum, ana tafi, ana kiran sunan kowane yaro, har wanda ya ɓuya a zanen kakarsa. Sai kacici-kacici guda biyu. Na kan ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, in sun gaza sai in ɗauko tsintsiyar daga bayan ƙofa in kwance igiyar a gabansu, su ga shanun sun watse. Daga nan littafi. Ki riƙe shi a gefen fuskarki yana kallon yara, yatsanki na bin layin, ki tsaya a shafi ki tambaya: "Ina akuyar ta shiga? Me kuke gani za ta yi?" Ki ƙirga biyar a zuci kafin ki ba da amsa. Wannan shirun shi ya fi wa manya wuya, amma shi nake so su gani su kwaikwaya.

Bayan haka ki miƙa zaren ga tsofaffi. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Gadarif ta cika da mutanen Khartoum, sai na Madani a Disambar shekarar, sai na Sinnar a 2024, kuma cikinsu akwai tsofaffin Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a jihar Sinnar, masu tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi cike da baki. Wata za ta ce ba a tatsuniya da rana. Kada ki ja da ita. Ki ce, "Iya, rana ta yi sanyi, ki ba mu ko gajera ce." Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa, ke dai ki koma gefe da biro ki rubuta. Littafin mako mai zuwa ke nan.

Kwalin biskit ake yankawa shafi 6 ko 8, hoto ɗaya da layi ɗaya a kowane shafi, a ɗinke da zaren buhu, a lulluɓe da salatif don yawu. Hoton da aka ɗauka da waya aka wanko, na jakin mai ruwa ko rakshar maƙwabci, wato keken nan mai ƙafa uku, ya fi zanen dusar ƙanƙara da ke cikin littattafan da ake kawo mana kyauta.

'Yan goye minti 20 ya ishe su. Wadda ta kawo yaron ta ɗora shi a cinya, ta nuna, ta kira suna, ta bar shi ya ciji kwalin. Wadda ta ce ba ta iya karatu ba, ki ce ta karanta hoton.

A ƙarshe kowa ya ɗauki littafi ɗaya zuwa gida. Ki rubuta sunan yaro da na mai kawo shi a kundi, kada ki sa tara in ya yage ko ya ɓata, don kunyar tara ke hana mace dawowa. Mako na gaba ki tambayi kowace wa ya karanta wa yaron da kuma inda ya yi dariya. Wadda ta yi fashi sau biyu a jere, ki bi ta gida ki gaishe ta, da sabon littafi a jakarki.