Kafin Ka Ce A Yi Mata Fomat: Kurakuran Da Aka Fi Yi Idan Ana Zargin Bairos Ya Shiga Kwamfuta

Ƙanwata tana ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, Zariya, lokacin da ta shigo gida a Tudun Wada idonta jajir, ta miƙo min filash ɗinta ta ce, "Yaya, bairos ya cinye min furojet ɗina." Ta je wani shagon buga takardu ne a buga mata babi na huɗu. Da ta dawo ta saka filash ɗin a laftof, sai ta ga foldojinta duk sun koma shotkot, wato alamar da ke nuna hanyar fayil kawai, ko wanne da 'yar kibiya a gindinsa. Hankalinta ya tashi, ta ruga wurin wani yaro mai gyara, shi kuma ya ce ba abin da za a yi sai fomat, ya goge filash ɗin tas. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, har zuwa lokacin da ya danna fomat ɗin nan, aikinta yana nan ciki ko wasali bai ɓata ba. Ɓoye shi kawai aka yi.

Shi wannan bairos mai shotkot, wanda kusan duk ɗalibin da ke yawo da filash tsakanin Samaru da Kongo ya taɓa gamuwa da shi, ba ya goge fayil. Yana sanya wa foldoji alamar ɓuya ne, sai ya ajiye shotkot masu sunansu a madadinsu. Duk wanda ya danna shotkot ɗin don ya duba ko kayansa na ciki, to da hannunsa ya buɗe wa bairos ɗin ƙofar kwamfutarsa. Kuskure biyu ke nan a wuri ɗaya: danna shotkot, da kuma saurin fomat.

Gyaran ba shi da wahala. Ka fara sa antibairos ya binciki filash ɗin. Sannan ka duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce E ne. Ka rubuta cmd a wurin neman abu na Windows, idan baƙin allon nan ya buɗe ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ka danna Enter, ka ɗan jira. Foldojinka za su fito fili, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe su zuwa wani wuri, ka goge shotkot ɗin da duk wani fayil da ba ka sani ba mai ƙarewa da .vbs ko .lnk, sai a lokacin fomat ya halatta. In kuwa an riga an yi fomat ɗin, kada ka ƙara zuba komai a ciki. Fomat na gaggawa sunayen fayiloli yake sharewa, ainihin bayanan suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Da manhajar Recuva muka tsamo wa ƙanwata babi uku. Na huɗun ya tafi, don ta riga ta zuba wasu hotuna a filash ɗin, sai da ta sake rubuta shi daga takardun hannunta.

An bar jaki ana dukan taiki

A cikin kwamfutocin da 'yan uwa da maƙwabta ke kawo min da sunan bairos, da yawa ba su da ko ɗaya. Nauyi take yi, tana ɗaukar zafi, tana mutuwa da kanta, sai a ce bairos. A Zariya muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ta toshe fanka da ramukan da iska ke fita. Maris da Afrilu kuma zafi ya zo ya tarar da ita a toshe, ga mai ita ya ɗora ta a kan katifa ko filo. Idan na'urar ciki ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Wannan ba aikin antibairos ba ne, aikin mai buɗewa ne ya hure ƙura ya canza man da ke sanyaya na'urar.

Kafin ka yanke hukunci, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A nan za ka ga abin da ke cin ƙarfin kwamfutar. Idan RAM ɗinka, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, gigabait 4 ne, kamar yawancin laftof 'yan gwanjo da muke saye, kuma ka buɗe shafi goma sha biyar a Chrome, ba ka bukatar wani bayani. Ka leƙa sashen Startup ma, ka kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar ba gaira ba dalili.

Akwai guda ɗaya da nake so a kula da shi sosai. Idan kana jin had-disk, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, yana ƙara ƙas-ƙas, ko fayil yana ƙin kwafuwa, ko kwamfuta tana sandarewa duk lokacin da ka buɗe wata folda, to ma'ajiyar ce ke shirin mutuwa. Yawan ɗauke wuta ana tsakiyar aiki da faɗuwa ƙasa suna jawo haka. Mutum ya sa cikakken binciken bairos na awa huɗu a kan irin wannan had-disk ɗin, ƙarasa shi yake yi. Kwashe kayanka shi ne farko. Ƙaramar manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, za ta nuna maka lafiyarsa cikin minti ɗaya.

Alamun da suka cancanci zargi daban ne: antibairos ya kashe kansa ya ƙi kunnuwa, Task Manager ya ƙi buɗewa, birawuza tana kai ka shafukan da ba ka nema ba, data tana ƙarewa alhali ba ka yi komai ba, ko abokai su fara tambayarka wane saƙo ne ka turo musu ta Facebook.

Gargaɗin da shi kansa tarko ne

Kana cikin karanta labarai sai jan allo ya bayyana, wai an gano bairos biyar, ka danna nan yanzu ko ka kira wannan lamba. Babu antibairos na gaskiya da ke ba da lambar waya a irin wannan gargaɗi, Microsoft ma ba ta yin haka, kuma shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarka. Kwamfutar lafiyarta ƙalau har sai ka danna. Ka rufe birawuzar kawai, in ta ƙi ka kashe ta ta Task Manager. Idan irin saƙon na ta fitowa a kusurwar allo ta dama, to wata rana ka taɓa danna Allow a wani shafin saukar da fim ko kallon ƙwallo. Shiga Settings na Chrome, ka nemi Notifications ƙarƙashin Site settings, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Magana ta ƙare.

Sai kuma masu tara antibairos. Na taɓa buɗe wata kwamfuta a Sabon Gari na tarar da guda uku suna aiki lokaci ɗaya, ko wanne na zargin ɗan uwansa, kwamfutar ko motsi ba ta iya yi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender, kuma ya wadatar da mai amfani a gida muddin yana samun sabuntawa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, da zarar ka saka wani, Defender ja da baya yake yi ya bar masa fili. To in wanda ka saka ɗin na sata ne, wanda aka fasa, ba ya iya sabunta kansa, ka sallami mai gadi mai ido ka ɗauko makaho. Ka bar guda ɗaya. In kana son ido na biyu, Malwarebytes na kyauta ko AdwCleaner sun isa, ka yi bincike da su lokaci-lokaci.

Na san dalilin da ya sa muke kashe sabuntawa: data tsada. Amma a watan Mayun 2017, wani bairos mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe wannan ƙofar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su saka ba. Ka nemi datar dare ko ka jira lokacin da ka samu Wi-Fi, amma kada ka shekara ba ka sabunta ba.

Idan ta tabbata akwai shi

Babban kuskure a nan shi ne ci gaba da amfani da kwamfutar kamar ba komai, ana shiga imel, ana shiga banki. Yawancin miyagun manhajojin yanzu ba ɓata kwamfuta suke so ba, sata suka zo yi: kalmomin sirrin da ka bari birawuza ta adana maka, da abin da kake bugawa. Wanda ya zauna a kan wannan kwamfutar ya canza kalmar sirri, sabon makulli ya miƙa wa ɓarawo. Ka canza ta waya ko wata kwamfuta mai tsabta, ka fara da imel don ta nan ake buɗe sauran, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In ka taɓa saka lambar katin ATM a kwamfutar, ka je banki a toshe shi.

Daga nan ka sabunta Defender, ka cire intanet, ka shiga Windows Security, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ya farka, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Ka tabbatar da caji ko ka tayar da janareta tukuna. In kwamfutar ba ta bari ka yi komai, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot zuwa Startup Settings ka danna 4, za ta tashi a Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Abu ɗaya da ban yarda kowa ya yi ba shi ne bin foldar Windows yana goge duk fayil ɗin da sunansa bai yi masa ba. Ganin svchost.exe da yawa a Task Manager ba cuta ba ce, haka Windows yake aiki.

Mai garkuwa da fayil kuma nasa daban ne. Ka tashi ka ga hotunan biki da takardun gida duk an ƙara musu wasu haruffa a ƙarshen suna, sun ƙi buɗuwa, ga wata takarda mai suna _readme.txt tana neman kuɗin fansa, a shekarun baya dala 980 ne, ko 490 in ka biya cikin awa 72. Wannan shi ne STOP/Djvu, wanda ya bazu tun 2018, kuma babbar hanyarsa ita ce manhajojin da aka fasa. Ka tuna ranar da ka sauko da Office ko wasan ƙwallo na kyauta, aka ce sai ka kashe antibairos kafin ya shiga, ka kashe? Ranar ce. Araha ba ta ado.

Nan take ka cire intanet, ka zare duk filash da ma'ajiyar waje. Canza sunan fayil ɗin ba ya buɗe shi. Antibairos zai iya kashe cutar, amma ba ya kwance abin da ta ɗaure. Biyan kuɗin ma ba tabbas. Sai dai kada ka goge fayilolin don fushi, ka kwashe su ka adana tare da takardar. Shafin No More Ransom, wanda hukumar Europol da 'yan sandan Holan da kamfanonin Kaspersky da McAfee suka buɗe a 2016, yana da makullan kyauta na nau'o'i da dama. Kamfanin Emsisoft ma yana da na STOP/Djvu, ko da yake wasu kawai yake iya buɗewa, galibi waɗanda aka ɗaure lokacin da cutar ba ta samu hanyar intanet ba.

To yaushe fomat ya dace? Idan an yi bincike cutar na dawowa, ko mai garkuwa ne, ko kuma kwamfutar da ake harkar kuɗi da ita ce, ni ma fomat nake ba da shawara, bayan an kwashe takardu da hotuna, ban da fayilolin .exe. Amma sau nawa ake yin fomat, bayan mako biyu tsugune ba ta ƙare ba? Dalili shi ne an sake saka Windows ɗin sata da abin kunna shi na sata, sannan aka dawo da tsohon filash ba a bincika ba. Microsoft na ba da Windows a shafinta, filash mai gigabait 8 ya isa a ɗauke shi, kuma yawancin laftof da suka zo da Windows 10 ko 11 lasisinsu na jikinsu, da kansu suke kunnuwa in sun ga intanet. Mai Windows 7 ya sani an daina kula da shi tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika 14 ga Oktoban 2025.

In za ka kai wa mai gyara, a unguwar PZ ne ko Samaru, akwai ƙwararru masu amana, amma ka yi magana tun kafin ka miƙa. Ka ce masa, "Malam, kada a goge komai sai an kira ni." Ka tambaye shi me ya gani da ya sa ya ce bairos ne, kuma daga ina zai samo Windows ɗin da zai saka. Ka fita daga imel da WhatsApp na kwamfutar, ka tafi gida da kwafin kayanka.

Ƙanwata yanzu ba ta kai filash ɗinta shagon buga takardu. Tana mayar da aikin PDF ta tura musu ta imel ko WhatsApp, kwafi ɗaya kuma yana Google Drive, inda ake ba kowa gigabait 15 kyauta. In dole sai filash, tana da wani ƙarami na daban da ba komai a ciki sai abin da za a buga, tana dawowa gida ta sa Defender ya bincike shi kafin ta buɗe.