Darasi: Kai da Ɗan Sanda

Idan ɓarawo ya fasa maka ɗaki, ko yaronka ya ɓata, wurin 'yan sanda za ka nufa. Aikinsu ke nan, kuma da harajin jama'a ake biyansu. Amma kaki ba ya canza halin mutum. A cikinsu akwai mai tsoron Allah, akwai mai neman na goro, kuma ba a fuska ake gane su ba. Saboda haka ka girmama wanda ka gamu da shi, ka kuma san haƙƙinka.

In ya tsayar da kai, tsaya. Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya, kada ka zura hannu aljihu sai ka faɗa masa abin da za ka ciro. Mai bindiga in ya firgita ba ya jiran bayani. Ka lura da sunansa da lambarsa a jikin riga. In farin kaya ya sa, nemi ganin katin shaidarsa cikin ladabi.

In ya ce ya kama ka, tambaye shi, "Yallaɓai, mene ne laifina?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 ta ce a faɗa wa mutum dalilin kama shi nan take, a kai shi gaban alƙali ba da ɓata lokaci ba, kuma kada a tilasta masa amsa laifi. Wata ta 1984 ta haramta azabtarwa kwata-kwata.

Inda aka fi cutar mutane shi ne takarda. A caji ofis za a rubuta bayaninka, a turo maka biro ko tawada, a ce, "Sa hannu nan ka tafi gida." Ga gajiya, ga tsoro, sai mutum ya dangwala yatsa. Washegari a kotu a karanto abin da bai taɓa faɗa ba, ga yatsansa a ƙasa. Karanta layi-layi, ko da za a yi ta tsaki. In karatun bai kai ba tukuna, ce sai lauya ko ɗan'uwan da ka yarda da shi ya zo ya karanta maka. Farar takarda da ba rubutu a kai kuwa, ko kusa kada ka sa hannu.

Aikin gida: rubuta lambar wayar mutum biyu daga danginka, ka haddace su. Wanda aka tsare, wayarsa ake fara karɓa.