Ka Auna Sihiri, Halittar Ta Gushe: Kurakuran Da Aka Fi Yi

A wasan katin Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira aka fitar a 1993, gardamar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce ta sihirin da ya rasa abin da ya auna. Maganinta ɗaya ne: sau biyu ake duba abin harin, lokacin da ka jefa katin, da kuma lokacin da ya zo aiki. Tsakanin nan abokin karawarka yana da damar mayar da martani, kuma nasa katin ne zai riga naka aiki.

Kuskuren da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne zaton sauran rubutun katin zai yi aiki. Ɗauki Repulse: ka mayar da halitta hannun mai ita, sannan ka ja kati ɗaya. Mai halittar ya yi wuf ya sadaukar da ita, kai kuma hannunka har ya kai kan tarin katinka. Janye shi. Tunda abin harin guda ne kuma ya tafi, sihirin duka ya wuce makabarta, wato inda ake ajiye katunan da aka gama da su, babu jan kati, kuma abin da ka biya ba ya dawowa. Haka doka ta 608.2b ta kundin dokokin wasan ta tanada.

Wasu kuma su zarce, su ɗauka ko ɗaya ya kuɓuce an yi asarar komai. A'a. Electrolyze yana raba lahani 2 tsakanin abubuwa biyu. In ɗayan ya gushe, na biyun zai sha kasonsa, ka kuma ja katinka. Abin da ba a yarda ba shi ne ka juye kason wanda ya tafi a kan wanda ya rage, domin an gama rabon tun sa'ad da ka jefa. Sauya abin hari ma haka, bakin alƙalami ya bushe.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na halittar da ta fita daga filin wasa ta dawo nan take, kamar yadda Cloudshift ke yi. Ga katin a gabanka, hotonsa bai canza ba, amma a idon doka sabuwar halitta ce, sihirinka bai san ta ba. Haka nan sihirin zai tashi a banza in aka mayar da ita baƙa alhali Doom Blade ka jefa mata, domin shi ba ya auna baƙar halitta.

Sai dai ƙarin ƙarfi ba ya soke hari. Lightning Bolt zai sauka da lahaninsa 3 ko an yi wa halittar Giant Growth, ta dai jure ne kawai.

Kafin ka buɗe baki da musu, nemi kalmar "target", wato abin hari, a jikin katin. Wrath of God ba shi da ita, shi ya sa yake share har halittun da ke da kariyar hexproof, wadda ke hana abokin karawa ya auna su.