Ramin ruwan gishiri: kurakuran masu sa wa fata gishiri a Katsina

Duk bayan layya sai sababbin 'yan fata su cika gari. Su tara fatun raguna da ƙiraga, su zuba gishiri, su haƙa rami a bayan gida don ruwan da ke tsatsafowa ya taru rana ta shanye. Na gaji da maimaita magana ɗaya.

Babbar ɓarnar ita ce rami ba shimfiɗa. Rana ruwa kaɗai take ɗauka, gishirin yana nan. Lita ɗaya ta ruwa tana iya narkar da gishiri kusan giram 360, ƙasarmu kuma jigawa ce. Yau ka ga rami cike, jibi ka tarar wayam, kana murna wai ya bushe. Ƙasa ta sha, malam, ya nufi rijiya. Haka wani yaro da ya kama hayar kangon kusa da mu ya yi. Damina ɗaya rijiyar gidanmu ta koma zartsi, sabulu ya daina kumfa, bishiyar lemun da ke gindinta ta ƙone daga bakin ganye. Mun yashe ta, a banza. Har yau daga 'yan garuwa muke saye. Da na yi masa magana cewa ya yi: "Baba, ai gishiri ne, ba guba ba." To ka sha mu gani!

Ni yumɓu nake daɓewa da kauri, in shimfiɗa tampol mai ƙarfi, in danne bakinsa da bulo. Siminti kaɗai ban yarda da shi ba, gishiri yana cinsa, ya tsage.

Na biyu, zurfi. Bushewa daga saman ruwa take, saboda haka faɗi ake nema. Nawa bai wuce gwiwa ba, kuma ban taɓa cika shi ba, ina barin sarari a sama. Wasu su ce ai a Bilma, garin gishiri na Nijar, ramuka a buɗe suke. Bilma hamada ce. Nan markar Agusta ta dare ɗaya ta isa ta tumbatsa ramin, ruwan ya bi kwata har gonar wani. Ka tayar masa da baki, hadari ya taso ka rufe.

Kada ka haƙa a kwari ko gab da rijiya. Ka kewaye shi saboda yara da awaki. Ɓawon gishirin da ya bushe, mai jini da gashi, a buhu nake kwashe shi, in ajiye a inda ruwa ba ya taɓawa. Wanda ya watsa shi a bola, ruwan farko zai mayar da shi ƙasa. Duba-gari kuwa in ya zo, ka nuna masa ramin da kanka.