Yadda direban babbar mota zai tashi daga jigilar cikin gida ya koma ta ƙasa da ƙasa

Wanda ya shekara da shekaru yana jan tirela a cikin ƙasarsa ba ya buƙatar a koya masa ribas ko yadda ake sauka gangare da lodi, don haka ba zan taɓa waɗannan ba. Abin da na sha gani yana kayar da ƙwararrun direbobi a fitarsu ta farko shi ne takarda. A gida, in an samu tangarɗa, ka buga wa mai mota waya, shi kuma ya buga wa wani, magana ta mutu. A bakin iyaka jami'in kwastam bai san maigidanka ba, wataƙila ma ba ya jin yarenka. Abu biyu ne a gabansa, takarda da mota, kuma da zarar sun saɓa wa juna motar ta kwana a nan.

Mataki na farko: takardun jikinka

Ka fara da fasfo, kuma ka duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai saura wata 6 ba. Sai lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Iri biyu ne suka fi yawo: na yarjejeniyar Janeba ta 1949, mai aikin shekara 1, da na yarjejeniyar Biyana ta 1968, wanda kan kai shekara 3. Ka tambayi wanne ƙasar da za ka shiga take amincewa da shi kafin ka yanka. Kuma shi kaɗai ba ya aiki, dole lasisinka na gida ya kasance tare da shi, ajin babbar mota kuma ya fito a jikinsa ƙarara. Katin rigakafin shawara ma ka yi shi da wuri, don sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, saboda haka kada wani ya ce maka katinka ya tsufa.

Mai son aiki da kamfanin Tarayyar Turai yana da ƙarin hawa biyu: shaidar ƙwarewa da ake kira lamba 95, wadda ake sabuntawa da horon awa 35 duk shekara 5, da takardar shaidar direba wadda kamfani ne ke nema wa ɗan wata ƙasa. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi ya haɗa maka waɗannan ba tare da kamfanin da ya ɗauke ka ba, ka riƙe kuɗinka. Mai jan tanka ko sinadarai kuma sai ya ƙara da shaidar ADR, wato ta horon ɗaukar kaya masu haɗari, ita ma shekara 5 take yi.

Mataki na biyu: ka fara a kujerar gefe

Ni a wurina doka ce: ba a fita ƙetare karon farko a matsayin direba shi kaɗai. Ka nemi kamfanin da ya daɗe a kan hanyar, ka yarda ka bi wani tsohon hannu zuwa da dawowa ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. A wannan tafiyar za ka ga tagar da ake fara zuwa, da wadda ake ƙarewa, da inda ake ajiye mota a kwana lafiya. Kafin ka sa hannu a kan aiki kuma ka tambayi abu uku a rubuce: wa ke biyan tara in an yi, wa ke ɗaukar kwanakin da mota ta yi a tsare, wa zai dawo da kai gida in mota ta lalace ko kai ka kwanta ciwo. Kamfanin da ya yi ta kame-kame a kan waɗannan, a bakin iyaka ma haka zai yi maka.

Mataki na uku: takardun mota

Kan mota da tirela kowanne da takardarsa, kuma lambar shasi da ke jikin ƙarfe ita za ka bi da yatsa ka gwada da ta takarda, harafi bayan harafi. In motar ba da sunanka take ba, ka riƙe wasiƙar izini daga mai ita. Inshorar gida ba ta tsallaka iyaka sai da katin yanki: Turai da maƙwabtanta suna da koren kati, ƙasashen ECOWAS suna da kati mai ruwan ƙasa tun 1982, na COMESA, ƙungiyar kasuwancin Gabashi da Kudancin Afirka, rawaya ne, na ƙasashen Larabawa kuma ruwan lemo. Waɗannan katunan ɓarnar da ka yi wa wani a hanya suke rufewa. Kayan da ke bayanka inshorarsu daban ce, ka tambaya ko an yi.

Mataki na huɗu: wurin lodi

A nan nake so ka zauna da ni, domin kusan duk motar da na gani a tsare a boda, matsalarta tun daga wurin lodi ta taho da ita. Direban gida ya saba ya ajiye mota, ya tafi ya huta, ya dawo ya tarar an ɗaure tamfol, a miƙo masa takarda ya sa hannu. Wannan ɗabi'ar ka bar ta a gida. Sa hannunka a takardar kaya yana nufin ka ga kayan, ka ƙirga su, ka yarda lafiyarsu ƙalau. A ƙasashen da ke bin yarjejeniyar CMR ta 1956, wadda ta tsara jigilar kaya da mota tsakanin ƙasashe, haka dokar ta ce a fili: in direba bai rubuta wani ƙorafi a takardar ba, ana ɗauka ya karɓi kayan cikakku kuma ba lahani a jikinsu. Akwai gurbi a takardar da aka ware domin wannan. Kwali ya jiƙe, ka rubuta. Buhu ya yage, ka rubuta. An hana ka shiga ka ƙirga, ko an ba ka kwantena a rufe, ka rubuta cewa ba ka samu damar ƙirgawa ba, ka sa mai kayan ya sa hannu a gefen abin da ka rubuta. Zai ɓata rai, zai ce sauran direbobi ba sa yi masa haka. Ka yi haƙuri da ɓacin ransa, ya fi a ce kai za ka biya kayan da ba a taɓa ɗora maka ba. Inda ba a bin CMR ma, ka yi rubutun a kan kowace irin takardar kaya aka ba ka.

Bayan ƙirga sai gwada takardu da junansu. Ka shimfiɗa takardar kaya, da rasit ɗin ciniki, da jerin abin da aka ɗora, da takardar kwastam, ka bi abu biyar: yawan ɗauri, nauyi, sunan kayan, lambar mota da ta tirela, sunan mai karɓa. Dole su zo iri ɗaya a ko'ina. In takarda ɗaya ta ce kwali 820 wata ta ce 802, kada ka tayar da mota. A wurin lodi gyaran ba ya ɗaukar lokaci, akawu ya sake bugawa. A boda kuwa sai an koma ofishin da ya fitar da takardar, a wata ƙasa, ta waya, wataƙila ranar da ba sa aiki. Tun ran gini ake zane.

Sai sil, ɗan makullin nan mai lamba da ake ɗaure ƙofa ko igiyar tamfol da shi. Na ga wani matashin direba, gwani ne ƙwarai a sitiyari, tsaye a bayan motarsa a filin kwastam yana kallon lebura suna sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a ƙasa. Wanda ya cike takardar da hannu ya rubuta 1 inda jikin sil ɗin ke da 7. Kayan ba abin da ya same su, amma jami'in ba shi da hanyar sanin ba a buɗe motar a hanya an sauya sil ba, don haka sai da aka ƙirga komai, aka biya masu saukewa da masu mayarwa, motocin da suka zo bayansa duk suka wuce. Saboda haka a ɗaura sil a gabanka, ka ja shi ka ji ya kama, ka karanta lambar da bakinka mai rubutu yana ji, sannan ka ɗauki hotonsa da waya tare da lambar tirela a hoto ɗaya. Duk inda ka tsaya a hanya, kafin ka tashi ka zagaya ka duba shi. Idan jami'i ya yanke shi don bincike, kada ka matsa sai ya ɗaura sabo ya rubuta sabuwar lambar ya buga hatimi. Kai da kanka ba ka yanke sil, ko da kaya sun goce a ciki. Ka nemi kwastam ko 'yan sanda mafi kusa su rubuta rahoto.

Nauyi ma a nan ake gyara shi. Abin da ƙasarka ta yarda da shi ba shi ne na maƙwabta ba: tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai tan 40 ne ga mota mai aksil 5 (aksil shi ne sandar da ke riƙe da tayoyin hagu da dama), a Gabashin Afirka dokar 2016 ta tsayar da iyaka a tan 56, manyan hanyoyin Amurka kuwa kusan tan 36 ne. Ka yi lodi daidai da ƙasar da ta fi tsanani a kan hanyarka. Kuma sikeli aksil-aksil yake aunawa, don haka jimilla tana iya yin daidai a kama ka saboda an tara kaya a gaba. Ka hau sikeli kafin ka bar garin lodi. Kuɗin awon ba komai ba ne in aka gwada da tara da sauke kaya a bakin hanya.

Mataki na biyar: bakin iyaka

Kayan da za su ratsa wata ƙasa su wuce suna tafiya ne a ƙarƙashin lamuni, wato an yi wa kwastam alkawarin harajinsu in ba su fita ba. Ƙasashe sama da 70 suna cikin tsarin TIR na 1975, mai allon nan shuɗi a gaban mota da bayanta, Turai tana da takardar T1, Afirka ta Yamma kuma tana da tsarin ISRT. Kowanne aka ba ka, akwai hanyar da aka zana maka da wa'adin da za ka kai ofishin fita. Kada ka ratse don gajerar hanya, kuma kada ka bar ofishin ƙarshe sai ka tabbata an rufe takardar, in ba haka ba a rubuce kayan suna nan cikin ƙasar kuma za a nemi harajinsu. Ka yi kwafi uku na kowace takarda, ka ajiye asalin a jaka ɗaya da ba ta barin jikinka. In ejan zai karɓi asali, ka bi shi har tagar. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Saƙon wani kuwa, ko ƙulli ne ƙarami, kada ya hau motarka, domin abin da aka samu a ciki naka ne.

Mataki na shida: dokokin hanya a can

A Turai na'urar takograf ce ke rubuta aikinka: tuƙin awa 9 a rana, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, hutun minti 45 bayan awa 4 da rabi, awa 56 a mako, awa 90 a mako biyu, kuma jami'in hanya yana iya duba kwana 56 da suka wuce. Jamus ta hana motar da ta haura tan 7.5 tafiya ranar Lahadi har ƙarfe 10 na dare. Ka san tsayin motarka da lodi a kai, ka rubuta ka manna a gaban gilashi, don mita 4 ce iyaka a yawancin Turai. Mai tashi daga Mombasa zuwa Kigali yana tuƙi a hagu a Kenya da Yuganda, yana shiga Ruwanda ya koma dama, haka ma mai tsallakawa daga Ingila zuwa Faransa, kuma a shataletale na farko da fitowa daga wurin hutu da asuba ne hannu ke komawa abin da ya saba. Mai shiga Birtaniya ya duba ƙarƙashin tirela da saman tamfol kafin ya hau jirgin ruwa, domin tun 2023 tarar mutum ɗaya da aka samu a ɓoye tana kaiwa fam 10,000. Ka haddace lambobi da gaisuwa da sunayen takardunka a yaren ƙasar, ka sauke taswirar hanya a waya tun kana da intanet. In ka isa, kada a buɗe ƙofa sai mai karɓa ya ga sil ya gwada lambarsa, ya ƙirga a gabanka, ya sa hannu da kwanan wata da hatimi a kwafinka.