Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsofaffin Kushewu a Katsina

A tsofaffin maƙabartun Turai, irin su Highgate ta birnin Landan wadda aka buɗe a 1839, masu ɗaukar hoto sun fi bin gumakan mala'iku da aka sassaƙa da dutse aka kafa a kan kaburbura. Mu ba mu da wannan al'ada, domin addini bai yarda da ita ba. Abin da mai kyamara zai tarar a Katsina shi ne ƙasa da katanga da tudu, su kuwa ba sa fitowa a hoto sai an iya zaɓar haske.

Da farko a nemi izini. Maƙabartar Ɗanmarna, inda kushewar Waliyyi Ɗanmarna take, wuri ne da har yanzu ake kai mamata, kuma a can aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. A sami mai kula da wurin, a gaishe shi, a faɗa masa abin da za a ɗauka da inda hoton zai je. In an shiga, a yi wa mamata sallama, a bi 'yar hanyar da ke tsakanin kaburbura, kada a taka ko ɗaya don neman wurin tsayawa. In aka tarar ana jana'iza, sai a mayar da kyamara jaka.

Sai lokaci, wanda shi ne rabin aikin. Da tsakar rana haske yana sauka ne daga sama, ya shafe duk wata inuwa, ginin kushewar ya fito fari fat ba fasali. A je da sassafe bayan rana ta ɗan ɗaga, ko da la'asar sakaliya, a tsaya inda hasken zai bugi bangon daga gefe, domin a lokacin ne tsagar bango da sawun yatsun magini a jikin yaɓe suke bayyana, in ginin na ƙasa ne. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana dusashe launi, ga ƙura da ke kwanciya a idon kyamara, don haka a riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi.

Bayan nan a durƙusa ƙasa, a ɗauko ginin gaba ɗaya, sannan a matso kusa a ɗauki ƙofa ko rubutun da ke jiki. Mai amfani da waya ya taɓa allonta daidai kan bangon, ya ɗan rage haske; tafiya da ƙafa zuwa kusa ta fi jawo hoto da yatsa, wanda ke ɓata shi.

Durɓi Takusheyi, a ƙaramar hukumar Mani, tana da tata matsalar. Kushewun tsofaffin sarakunan da ke can, waɗanda aka haƙa don bincike a 1907 da kuma 1992, tuddai ne, kuma tudu a hoto ba ya nuna girmansa. A bar bishiya ko dutse a gefen hoton, ko abokin tafiya ya tsaya a gindin tudun, don mai kallo ya iya kwatantawa.

Kafin a bar wurin, a rubuta sunan kushewar da kwanan wata da abin da mai kula da ita ya faɗa, a haɗa su da hoton.